Gahawar da Ta Ƙi Ƙarewa

Kujerar da ke gaban talabijin ɗinmu yanzu babu kowa a kanta. Mai ita, mijina Muhannad, wanda duk garinmu Irbid, a ƙasar Jordan, ke kira Abu Laith, ya rasu bara. Mutum ne mai barkwanci da sakin hannu, sai dai Allah ya ɗora masa gaggawa.

Gyaran waya ne sana'arsa. In ya dawo gida sai ya kunna gem, wato wasan kwamfuta, ya ɗauki bidiyo yana faɗin ra'ayinsa, dubban matasa na kallo. Abin da ya yaba a saya, abin da ya kushe ya yi kwantai. Shi kuwa ba ya tsayawa karanta bayani. "Gem ɗin da sai an yi mini karatu, ai makaranta ce," in ji shi.

Wata rana wata budurwa mai suna Rawan ta aiko masa da wasan da ta yi shekaru tana haɗawa ita kaɗai. Wani kamfani na shirin fitar mata da shi, ana jiran a ji bakin masu sharhi.

A farkon wasan, matafiyi ya sauka a tantin wani dattijo, aka zuba masa gahawa. Abu Laith ya danna, matafiyi ya shanye ya miƙa finjali. Dattijo ya ƙara. Ya danna, dattijo ya ƙara.

"Jama'a, ku zama shaida!" in ji shi. "Tsohon nan so yake marata ta fashe! Ummu Laith, zo ki ga masifa!"

Daga kicin na ce, "Ka dai bi a hankali."

"Hankalin me? Wasa ne lalatacce, ko ƙofar fita ba a yi masa ba."

Haka ya saki bidiyon. Mutane suka sha dariya, kamfani ya janye.

Ranar Juma'a baffansa Salama ya kawo mana ziyara. Abu Laith ya tsaya da buta yana zuba masa gahawa. Baffa ya sha, ya miƙo finjali yana ɗan girgiza shi, alamar ya ƙoshi. Abu Laith ya yi sototo yana kallon hannun.

"Kai ɗan nan, lafiya?" in ji Baffa. "Na ce ya ishe ni. Ko a Turai aka haife ka?"

Abu Laith ya dire buta, ya kunna wasan, ya girgiza abin danna gem ɗin da ke hannunsa. Nan take dattijo ya yi murmushi, ya ɗaga labulen tanti, hanya ta buɗe. Ashe abin da yake yi kullum a falonsa ne ya gagare shi. Ya bi wasan har ƙarshe, ya ce rabon da ya ga mai kyansa an daɗe.

Washegari ya ɗauki Baffa suka tafi gidan su Rawan. Da aka zuba wa Abu Laith gahawa sai ya ajiye finjalin a ƙasa, kamar yadda mai neman alfarma ke yi a al'adarmu.

"Sha gahawarka, Abu Laith," in ji mahaifinta.

"Ba zan sha ba sai 'yarka ta yafe mini."

Rawan ta dube shi daga bakin ƙofa ta ce, "Na yafe, Abu Laith. Amma yanzu ka iya cewa ka ƙoshi, ko mu ɗora wata tukunyar?"

Har shi sai da ya yi dariya. Ya sake yin wani bidiyon da finjali a hannu, ya tona wautarsa da bakinsa. Samarin unguwa suka sa masa suna Abu Finjali, yana kuwa amsawa. Amma kamfani bai dawo ba, ya riga ya ɗauki wani wasan. Na Rawan ya fito a makare, da ƙyar. Wannan ya tsaya masa a rai, bai kuma ƙara yanke wa wasa hukunci ba sai ya ga ƙarshensa. Ranar zaman makokinsa, Rawan ce ta riƙe butar gahawa a ɓangaren mata.

Darasin a fili yake: kada ka kushe aikin wani kafin ka fahimce shi, wataƙila laifin a hannunka yake. Magana zarar bunu ce, ko an yafe maka, abin da ta ɓata ba lallai ya gyaru ba. Ku taya ni addu'a: Allah ya jiƙan Abu Laith, ya yafe masa gaggawarsa, ya shayar da shi abin da ya fi gahawa daɗi. Amin.