Mai-Turare da Ƙofar Gefe

Ya 'yan uwa, a wani ƙaramin gari an yi wani mutum, ɗan masunta, da aka damƙa wa matatar ruwan ƙazanta. Duk abin da ya fito daga makewayi da kwatamin garin, ta hannunsa yake bi kafin ya gangara tafki. A bakin tafkin nan aka haife shi. Can mahaifiyarsa take zaune, can yayyensa ke jefa taru.

Aikin ba ɓoyayye ba ne. Kullum da safe zai sa dogon takalmin roba, ya shiga da manjagara ya kwashe tsumma da leda daga rariyar ƙarfe. Sannan ya taka siririyar gada zuwa kududdufin ƙarshe, ya cika kwalba, ya aika wa masu gwaji a birni. Akwai kuma wata ƙofa ta gefe, ba a buɗe ta sai ambaliya ta nemi rushe wurin, domin ruwan da ya bi ta nan ɗanyensa yake faɗawa tafki.

Ciwon mutumin nan ɗaya ne, yana kunyar sana'arsa. In ya zo hira, abokai su toshe hanci su ce, "Kai, koma bayan iska mana, ka bar mu mu yi numfashi!" Wasa ne, amma shi ya riƙe a zuci. Ya koma sa fararen kaya, yana feshe jiki har aka laƙaba masa Mai-Turare. To, ina farin kaya ina manjagara?

Ran nan rariya ta toshe. Ya dubi ƙazantar, ya dubi rigarsa, sai ya murɗa ƙofar gefe, ya ce na yau kaɗai. Kwalbar kuwa, a famfon bayan ofis ya cika ta. Masu gwaji suka yaba, har da takardar yabo, ya kafa ta a bango ba kunya. "Yau kaɗai" ta kai shekara biyu. A ganinsa tafki babba ne, zai shanye.

Bai shanye ba. Ruwan ya yi kore, ya yi yauƙi. Kifi ya taso ciki sama, tsuntsaye suka ƙaura, yara suka kwanta da gudawa. Tsofaffi suka ce ruwa ba ya tsami banza. Babban yayansa ya bi warin da kwalekwale har bakin bututu, ya tarar da ƙofar a buɗe, ta yi tsatsa a haka.

An kore shi daga aiki, amma wannan ƙaramin hukunci ne. Masunta suka ɗaure kaya za su bar garin, har da tsohuwarsa. Ba ta yi masa baki ba, kuma da ta yi, da ya fi masa sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Ɗan nan, ni ban san injinku ba. Amma da ruwan nan na fara yi maka wanka. In ya washe ka aiko, ina so in dawo ɗakina."

Tun daga ranar, kullum hantsi yana bakin tafki yana leƙen ruwa. Yana kewar ƙarar filafili, da hayaniyar mata masu sayen kifi, da muryar uwarsa tana ƙwala masa kira daga ƙofar gida. Duk wanda ya dawo daga inda masuntan suka koma, saƙonta ɗaya ne: "Ya washe?" Shi kuma amsarsa ɗaya ce: "Ku ce mata saura kaɗan."

A shekara ta huɗu aka aiko cewa ta rasu. Waɗanda suka yi jinyarta sun ce har ta cika, kayanta a ɗaure suke a ƙarƙashin gado, ta hana a kwance su.

Ya 'yan uwa, wa ya gan shi sanda yake cika kwalba a famfo? Ba kowa, sai Wanda ba ya barci. Amana ba a kan dukiya kaɗai take ba. Aikin da ba wanda ke duba ka, nan ne ake gane imaninka. Warin aikin halal sabulu ke wanke shi kafin azahar. Shi wannan bawan Allah ya guji dariyar abokai, ya raba uwarsa da ɗakinta har ta koma ga Mahaliccinta.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya kuma tsare mu da nadamar da ke zuwa bayan mai yafewa ya tafi. Amin.