Ƙullun Waina da Zuciyar Ɓera

Ƙawata, matso ki ji.

Akwai wata mai waina a Jakara, bari mu ce sunanta Kande. 'Yarta Jamila tana karatun digiri na biyu, aikinta a ɗakin gwaje-gwaje shi ne rainon ƙwayoyin halittar ɗan tayin ɓera. Ƙwayoyi ne da ba su riga sun zama komai ba. In an iya da su, sai su zama naman zuciya, har su riƙa bugawa a cikin faranti.

Sau uku tana yi, ko motsi ba su yi ba. Malaminta ya ce saura kwalba ɗaya ta ƙwayoyin. In ta lalace, sai dai ta maimaita shekara.

Ta dawo gida fuska a murtuke. Kande na zuba ƙullu a tanda, ta ce, "Uwar ɓeraye, yau ma yaran sun ƙi?"

"Umma, ba abin wasa ba ne. Ina sa su a akwatin ɗumi, kowace awa sai na fito da su na duba."

"Kowace awa? Ni in na kwaɓa ƙullu, rufe shi nake in tafi harkata. In kina buɗewa iska na shiga, yaushe zai tashi?"

Jamila ta taɓe baki. "Kimiyya ce fa, Umma, ba waina ba."

"To, Allah Ya ba da sa'a, Farfesa."

Amma maganar ta bi ta har makaranta. Ta yi bismilla, ta jera ɗigon ƙwayoyin, ta rufe akwatin. Ba ta ƙara taɓa su ba sai lokacin sauya musu ruwan abinci. Hannunta na ƙaiƙayi, ta daure.

Ran kwana na tara, da hantsi, sai ga bidiyo daga Jamila a wayar Kande. Wani ɗan tabo ne fari-fari, yana bugawa da kansa, dal, dal, dal. Ba jiki, ba jini.

"Subhanallahi!" Kande ta saki cokali, waina ta ƙone.

Jamila ta kira tana dariya da hawaye. "Umma, ƙullunki ya tashi! Ki yafe min."

"Na yafe. Amma ki sa sunana a littafin digirin naki."

Ranar duk wanda ya zo layin sayen waina, kyauta ya ci.

Darasi: Kada ilimi ya sa ka raina maganar na gida, kuma abin da ka yi wa iya ƙoƙarinka, ka bar shi ga Allah Ya nunar da shi. Ki tura wa wasu su amfana. Sai dai don Allah kar ki gaya wa kowa wace ce Kanden, kin dai sha cin wainarta.