Kurege da Jar Motar Zomo

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To, ta zo. Ku yi shiru, ni ba na maimaita magana.

A wani gari can bakin daji akwai Kurege da Zomo. Taubasai ne, ƙofar gidan wannan na kallon ta wancan. Kurege manomin gyaɗa ne. Gonarsa na bayan rafi. Yana da rumbu biyu, ɗaya na ci, ɗaya na iri. Yana kuma da wata tsohuwar akori-kura da ya gada wurin ubansa. Motar nan ba ta da kyan gani. Fenti ya koɗe, ƙofa da igiya ake ɗaure ta. Amma ko da sanyin asuba ka murɗa mata makulli, tari ɗaya za ta yi ta tashi. Mai kaɗan take sha. In ta yi ciwo, kayan gyaranta na ko'ina kamar gishiri a kasuwa. Ita ke kai taki gona, ita ke kawo gyaɗa gida.

Kurege na zaman lafiyarsa, sai ran nan Zomo ya shigo gari da jar mota.

Motar gudu ce, ta hannu. Damisa ce ta fara hawanta, ta sayar wa Dila, Dila ya sayar wa Zomo. Gajera ce, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Kujera biyu gare ta, salansa biyu. In ta yi gurnani sai kaji su watse, tsofaffi su ɗauki salati.

Sai Zomo ya tsaya ƙofar gidan Kurege, ya taka totur, ya leƙo da kai.

"Taubashi, ina tsohuwar taka? Ta tashi kuwa, ko a dama mata kunu?"

Kurege ya ce, "Tana gaishe ka. Ta ce ka naɗe kunnuwan nan, kada iska ta tafi da kai."

Aka yi dariya. Kurege ma ya yi, amma tasa a haƙori ta tsaya. Da aka kawo masa tuwo sai ya ture kwano.

Tun daga ranar idon Kurege bai sauka daga kan motar nan ba. Ya ga Zomo ba ya ajiye ta sai a kan tudun bakin kasuwa, hancinta na kallon gangare. Sai ya ce wa matarsa Yalwa, "Kin ga girman kai? A kan tudu, don kowa ya gani."

Ya ga kullum da safe samari na biye da ita, hannuwansu a bayanta, suna gudu suna ihu. Sai ya ce, "Kin gani? Har 'yan rakiya ya samu. Ni wa ya taɓa raka ni?"

Ya ga Zomo ya rame, wuya ya fito, riga na yawo a jikinsa. Sai ya ce, "Haka masu motar gudu suke. Ba sa son nauyi."

Yalwa ta ce, "Maigida, ni dai a garinmu wannan yunwa ake ce mata."

Ya ce, "Ke me kika sani game da mota?"

Ta ce, "Ban san mota ba. Na san ramar yunwa."

Ana nan ana nan, Kurege ya daina zuwa gona da wuri. Ya daina wanke akori-kura. In ya ji gurnanin jar mota daga nesa, sai wutsiyarsa ta tashi tsaye. Ran nan dai ya ce, "Yalwa, sai na mallaki motar nan. Zomo bai fi ni da komai ba sai kunne."

Yalwa ta ga ba za ta iya tare shi ba, sai ta ce, "To, abin hawa kamar aure ne, a yi bincike. Je ka tambayi waɗanda suka san ta. Ka tambayi abin da take ci da irin ciwon da take yi. Kuma komai za ka taɓa a gidan nan, kada ka taɓa rumbun iri. Damina ta kusa."

Kurege ya ce ya ji.

Sai ya tafi wurin Damo, mai sayar da fetur a galan bakin hanya. Suka gaisa. Kurege ya yi kamar ba komai, ya ce, "Malam Damo, wai motar nan ta Zomo, yaya take?"

Damo ya lumshe ido ya ce, "Allah ya ja kwananta. Kafin ta zo garin nan galan ɗaya gare ni. Dubi yanzu, rumfa ta cika. Ita ta aurar mini da 'yata."

Kurege ya ce, "Ikon Allah!" Ya wuce.

Sai ya tafi wurin Bushiya mai faci. Ya ce, "Baba Bushiya, wai motar nan ta Zomo, yaya take?"

Bushiya ya ajiye guduma ya ce, "Allah ya ja kwananta. Tayarta siririya ce, ba ta son tsakuwa, ba ta son ƙaya, ba a kuma samun irinta sai birni. Ni nake zuwa in sayo. Ka ga kwanon da ke kan ɗakina? Ita ta rufa mini."

Kurege ya ce, "Ikon Allah!" Ya wuce.

Sai ya tafi garejin Gafiya bakanike. Ya ce, "Oga Gafiya, wai motar nan ta Zomo, yaya take?"

Gafiya ya fito daga ƙarƙashin wata mota, ya goge baƙin mai a cinyarsa, ya ce, "Allah ya ja kwananta. Tun tana hannun Damisa nake cin abinci da ita. Da ta koma hannun Dila na ƙara mata. Yanzu da take wurin Zomo na sayi fili. Duk wanda zai saye ta, ka ce masa ƙofata a buɗe take."

Kurege ya koma gida yana huci. Ya ce, "Kin ji, Yalwa! Mota mai albarka. Duk wanda ya raɓe ta sai ya yi arziki. Damo ya aurar da 'ya, Bushiya ya rufa ɗaki, Gafiya ya sayi fili. Irin wannan a hannun Zomo! Zomo fa!"

Yalwa ta ce, "Shi mai ita fa, me ya saya?"

Ya ce, "Ɓoyewa yake yi. Kin san halinsa."

Ta ce, "To, abu ɗaya ya rage. Je ka gan ta da sassafe, kafin a tayar da ita. Ka duba ƙasa inda ta kwana. Ka murɗa makullin da hannunka."

Kurege ya ce, "Ni? In tsaya kan motar Zomo da sassafe ina leƙen gindinta, gari ya ce hassada nake yi? Allah ya kiyaye."

Shi kuwa Zomo ya daɗe da karanta idon taubashinsa. Rumbunsa ya ƙare tuni, tafasa yake ci ba gishiri. Da Kurege ya zo masa da zancen saye, zuciyarsa ta yi tsalle, amma sai ya ɓata rai.

"Haba taubashi. Ka taɓa ganin mutum ya sayar da idonsa?"

"Zan ba ka akori-kura."

"Albarka. In yi me da ita, in zuba kaji?"

"Da rabin rumbun ci."

"Albarka."

"Da rumbun ci gaba ɗaya."

Zomo ya dubi sama, ya share ido kamar mai hawaye. Ya ce, "Don dai kai ne. Zumunci ya fi mota. Ka zo da la'asar ka gwada ta."

Da la'asar Kurege ya zo, ya tarar da ita a kunne, inji ya yi zafi, tana gurnani a kan kwalta. Ya shiga, ya taka. Kafin ya ƙifta ido ya wuce kasuwa, ya wuce makabarta, itatuwa na gudu da baya. Ya juyo, 'yan mata na ɗaga masa hannu. Tun bai fito ba ya ce, "Na saya!"

Zomo ya ce, "Na sallama." Aka kira shaidu, aka tafa.

Washegari Kurege ya saka sabuwar riga, ya shiga motarsa a ƙofar gidansa, inda ba tudu ba gangare. Ya murɗa makulli. Ta ce ƙyas. Ya sake murɗawa. Ta ce ƙyas. Ya fito ya duba, ga baƙin mai ya kwanta a ƙasa kamar an yanka akuya.

Yalwa ta leƙo ta ce, "A kira Zomo?"

Ya ce, "Kada Zomo ya ji!"

Sai aka kira Gafiya. Ya zo yana murmushi, ya buɗe, ya girgiza kai, ya ce wani ƙarfe ne ya ci, kuma sai an aika birni. Kurege ba shi da abin biya. Ya dubi rumbun iri, ya dubi Yalwa, ya ce, "Kaɗan zan ɗiba." Ya ɗiba.

Mota ta tashi. Kurege ya zaga gari, ya sake zagawa, ya bi ta ƙofar Zomo yana taka totur. Bai kai azahar ba sai motar ta mutu a tsakiyar kasuwa. Mai ya ƙare. Damo ya taho da galan yana cewa, "Barka da arziki, Alhaji Kurege." Ba wanda ya taɓa kiran Kurege Alhaji. Daɗi ya kama shi. Ya aika gida a buɗe rumbun iri. Motar ta shanye galan kamar raƙumi ya dawo daga sahara, ta nemi ƙari. Gobe ma haka. Jibi ma haka.

Yalwa ta ce, "Maigida, rumbun nan ya fara amsa kuwwa. Ka mayar wa Zomo da abarsa."

Ya ce, "In mayar, ya yi mini dariya? Kada Zomo ya ji!"

Sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Kowa na kai taki gona. Kurege ya duba, ba inda zai zuba taki a jar mota. Ya cusa buhu ɗaya a kujerar gefe, ya kama hanyar rafi. Hanyar gona kuwa kun san ta, rami da kututture. Tun bai yi nisa ba cikin motar ya daki dutse, salansa ɗaya ta faɗi. Ya ƙara gaba, tayar gaba ta fashe. Ya ƙara gaba, ta baya ta bi 'yar'uwarta. Ya zauna a tsakiyar daji da buhun taki a gefensa, ƙudaje na yi masa barka.

Bushiya ya zo, Gafiya ya zo, Damo ma ya biyo su ko za a buƙace shi. Suka ja mota zuwa gari. Da yamma su uku suka tsaya gindin rumbun iri, kowa da buhunsa.

Kwana kaɗan aka yi ruwan shuka. Ƙasa ta yi laushi, gari ya fita da sungumi. Kurege ya hau rumbu, ya zura hannu, ya zura har kafaɗa, ya shiga gaba ɗaya. Ɓawo ya tarar, da kashin ɓera.

A ranar ya haɗiye girman kai ya nufi gidan Zomo. Ya same shi yana ɗaure ƙofar akori-kura da igiya, ya dawo daga jigilar takin mutane. Ya yi ƙiba, wuya ya cika, riga ta kama shi.

Kurege ya ce, "Taubashi, a warware cinikin nan."

Zomo ya ce, "Haba Alhaji. An sallama, an tafa, gaban shaidu. Ai tuwon da aka haɗiye ba ya komawa tukunya."

"Ka san ba ta tashi da safe."

"Ka tambaye ni? Ai kullum kana kallo ana tura ni."

"Ka san tana shan mai."

"Kana kallo ina ramewa. Ni ban ɓoye wuyana ba."

Sai Zomo ya shiga akori-kura, ya murɗa makulli. Ta yi tari ɗaya ta tashi. Ya leƙo ya ce, "In kana son a kai maka taki, ka yi magana. Kai na gida ne, zan rage maka."

Kurege ya tsaya yana kallon tsohuwar motar ubansa tana tafiya a hankali, tana rangaji, ba rami da ya dame ta. Wutsiyarsa ta tashi tsaye. Ya koma gida ya ce, "Yalwa, kin ga abin da nake gaya miki? Dama tun farko motata yake wa hassada. Mota kamar wannan, a hannun Zomo!"

Yalwa ta ɗaure kayanta, ta ce za ta je gidansu ta taya su shuka, in ya sami iri ya aiko.

Bai samu ba. Wa zai ba ka iri ranar shuka? Gonar bayan rafi ta zama ciyawa. Jar mota ta zauna kan tudu ba mai taya, Gafiya na zuwa yana cire abin da yake so a bakin aikin da ya yi. Yunwa ta kori Kurege daga gari, ya yi rami a daji. In manomi ya shuka gyaɗa ya juya baya, sai ya bi layi yana tonewa.

Shi ya sa har yau kurege ba shi da gona, sai tonon ta mutane. In kuwa ya ji ƙarar mota a hanya, za ku ga ya miƙe kan ƙafa biyu yana leƙe. Dubawa yake ko ta fi tasa.

To, kun ji. In za ka sayi abin hawa, kada ka tambayi masu ci da shi, dubi wuyan mai shi. Ka san abin da yake ci kafin ka tambayi gudunsa. Idon mai hassada kuwa, ko turi ya ga ana yi wa ɗan'uwansa, rakiya zai ce.

Ƙurunƙus kan kusu. Ku tashi ku ba ni wuri, bakina ya gaji.