Abincin da Bai Hau Sikeli Ba

Ranar Talata ce. Hadari ya haɗu tun safe, ruwa bai sauko ba.

Akwai wani dattijo da ake kira Dogo, mai kula da aladu a gonar wata makarantar koyon kiwo. Ya zuba abinci, ya kwashe kashi, ya wanke ɗaki. Aikinsa ke nan.

A lokacin ana gwada wani sabon haɗin abinci. Mai haɗin wata mata ce da kowa ke kira Iya. Mijinta ya rasu ya bar mata yara da injin niƙa. Ɓawon rogo take shanyawa, ta niƙa, ta gauraya da dusa. In gwajin ya yi kyau, gonar za ta riƙa saye a wurinta.

Malamar da ke gwajin ta sa kowane alade a kejinsa. Abin da ya ci a auna, kashin da ya yi a auna. In kashin kaɗan ne, jiki ya karɓi abincin. In ya yi yawa, wucewa kawai ya yi.

Tun farko ta ce, "Baba, ko ƙwaya ɗaya kada ta shiga bakinsu sai ta hau sikeli."

Ya ce, "Na ji."

Amma akwai wani ƙarami a kejin ƙarshe. Da ya lashe rabonsa sai kuka. Dogo ya kasa jurewa. Bayan Malama ta tashi, ya ɗebo ragowar tsohuwar dusa ya zuba masa. Sauran suka gani, suka ɗauki ihu. Ya bi su duka. Kullum haka. A ransa alheri yake yi.

Ranar Talatar nan Iya ta zo jin sakamako, ta ɗaura zanenta na fita.

Malama ta ce, "Iya, ki yi haƙuri. Kashin ya yi yawa. Abincin ba ya zama a jikinsu."

Iya ba ta yi musu ba. Ta ce, "To. Allah bai yi ba."

Dogo ne ya ɗora mata sauran buhunan abincinta a baro. Ta yi ƙoƙarin dariya. "Sannu, Baba. Na sa ka kwasar kashi a banza."

Ya tsaya har ta sha kwana, sannan ya shiga ofishin Malama.

"Kashin nan ba na abincinta ba ne kaɗai. Ina ƙara musu dusa."

Malama ta ajiye biro. "Wanne daga ciki?"

"Duka."

"Haba Baba! Me ya kai ka?"

"Kuka suke."

"Alade ko cikinsa zai fashe kuka yake yi. Ka fi ni sani."

"Na sani."

"Ka san ana iya sallamarka a kan wannan?"

"Shi ma na sani."

Ta ɗauki bironta. Can ta ce za a sake gwajin daga farko, kuma makullin sito zai koma hannunta.

"Amma ni ba ni da idon da zan kalli matar nan. Kai za ka je."

Washegari Dogo ya tura baro har bakin injin Iya. Ya jira ta kashe inji. Ya cire hula, ya faɗa mata komai, bai rage ba.

Ta kakkaɓe garin da ke hannunta, ta dube shi sama da ƙasa.

"Wato kukan alade ka ji. Nawa da bai fito ba, ba ka ji ba."

Ya ce, "Haka ne."

Ya sunkuya ya ɗaga buhun farko, ya ɗora a baro don a mayar gona a sake gwajin.

Darasi: Tausayin da ka yi a ɓoye, ka karya amana don ka yi shi, wani ne zai ɗauki nauyinsa. Kafin ka miƙa hannu, duba wanda bai yi kuka ba. In ka riga ka ɓata, je da ƙafarka ka gyara. Ku tura wa duk wanda aka damƙa wa aikin wani.