Farar Shadda a Fadamar Gauraka

Akwai wani dattijo mai suna Barnaba, wanda idonsa ya soma dusashewa. Likita bai ɓoye masa ba: kafin damina ta sauka ba zai bambanta akuya da kare ba. Buri ɗaya ya rage masa, ya sake ganin gauraka, tsuntsun nan mai tukku kamar zinariya, wanda ya cika fadamar garinsu yana yaro, aka nome fadamar ya ɓace.

Sai ya ji labarin wata fadama can kudu, dab da teku, ruwanta ba gishiri, an keɓe ta domin tsuntsaye. Ba harbi, ba tarko, kallo kawai. Kwana biyu suka yi a mota shi da matarsa Briskila, ƙafafunta har suka kumbura.

Gari na wayewa sai ga shi ya fito cikin babbar riga, farar shadda, ta sha sitaci ta sha bugu, ko numfashi ya yi sai ta amsa.

"Baban Nuhu, biki za mu ko fadama?"

"Dattijon ikilisiya ba ya fita kamar mai tallan gawayi."

Briskila ta ƙyale shi. Shekara arba'in ta san kan nan, ko taɓarya ba ta fasa shi.

A bakin fadama mai gadi, wani Tanko, ya miƙo masa wata tsohuwar riga launin ƙasa. "Baba, tsuntsu ba ya son fari, ba ya son ƙara. Sa wannan, kowa ita yake sawa."

Barnaba ya ɗaga ta da yatsa biyu, ya sunsuna. "Gumin mutum nawa ke nan? Riƙe abarka, ɗana."

"To, Baba, in ka zauna ka zama kututture."

Suka shiga wata bukkar kara mai 'yar taga, inda masu kallo ke fakewa. Sauro ya yi karin kumallo da Briskila, ba ta ko kai masa mari ba. Balbela ta zo, dinya ta wuce.

Wani dogon tsuntsu ya sauka, Barnaba ya ce, "Su ne?"

Briskila ta ce, "Zalɓe ne. Don Allah yi shiru."

Da hantsi ya ɗaga, sai ga gauraka biyu sun sauka gaban bukka, kusa ƙwarai, inda ko idon Barnaba zai kama su. Briskila ta mintsine shi, ta nuna taga. Leƙawa kawai zai yi. Amma ina! Sai mutumin nan ya miƙe tsaye, ya tattaro hannun riga ya watsa bisa kafaɗa, yadda ya saba in zai yi sanarwa a majami'a. Shadda ta ce ƙwaram! Kafin ya kai ido ga taga, ba komai sai ruwa yana rawa.

"Ina suke?"

Tanko ya ce, "Sun tsallaka, Baba. Waɗannan in aka firgita su sai su yi mako ba su dawo ba."

Motar komawa kuwa gobe ce. Barnaba ya zauna, murya ta yi sanyi.

"Maman Nuhu, kin gan su?"

"Na gan su har tukkun. Ni da ban roƙa ba."

"Yaya suke?"

"Tambayi rigarka. Ita ta yi magana da su."

To, ku buɗe kunne, ga ma'anar misalin. Gaurakan nan alherin Allah ne. Yana sauka kusa, amma ga wanda ya natsu. Shaddar kuwa girman kai ce. Ba wanda ya hana Barnaba, ba wanda ya cuce shi, har rigar aro an ba shi ya ƙi. Haka waɗansunku kuke. Ku zo sujada kuna gyara ɗankwali, kuna duba takalmin wance, kuna jira a kira ku da sarauta, a tashi ku ce wa'azin yau bai ratsa ku ba. Ta ina zai ratsa, ta cikin sitaci? Tuɓe girman a bakin ƙofa, ka shiga ka zauna ka rufe baki. Ido ba ya jiran kowa, rai ma haka. Barnaba ya koma gida riga fes, ko ɗigon taɓo babu, damina kuma ta sauka a kan lokacinta.