Madara Ɗaya, Harafi Biyu

Pei Rongfang mace ce mai ƙwazo, tana da ƙaramar masana'antar madarar waken suya a bayan garin Shanghai. Aibinta shi ne ba ta son a nuna mata kuskure.

Kowace kwalbarta tana ɗauke da harafi a gaba, wanda hukuma ke bayarwa bisa yawan sukari. Koren A na nufin sukari kaɗan ne, C kuwa gargaɗi ne cewa sukari ya yi yawa. Da ciniki ya ja baya, sai ta ƙara wa madarar sukari. Aka gwada, aka ba ta C. Ƙananan kwalabe suka fito da sabon harafi, manyan kuwa ta bar su da koren A, wai tsofaffin takardun mannawa ba su ƙare ba.

Wata safiya Gong, mai kantin da ke sayar da kayanta, ya bugo mata waya.

"Yaya Pei, madara ɗaya ce amma harafi biyu. Wanne zan gaya wa mutane?"

"Kai likita ne ko mai kanti? Idan tsofaffin takardun sun ƙare za a gyara."

"To bari in sauke manyan daga kanta."

"Ka taɓa su, ka nemi wata mai kawo maka kaya."

Bayan 'yan watanni aka kira ta asibiti. Mahaifinta, mai ciwon sukari, ya yanke jiki ya faɗi a dandalin da tsofaffi ke motsa jiki. Da ya farfaɗo, likita ya tambaye shi abin da yake ci.

"Ina kiyayewa," in ji tsohon. "Ko shinkafa kaɗan nake ci. Madarar 'yata kawai nake sha safe da yamma, babbar kwalbar nan mai kore."

Rongfang ta ce, "Baba, tun yaushe?"

"Tun da kika ce ciniki ya yi sanyi. A kanti nake saya don kada ki hana ni. Har abokaina na sa suna saya, duk masu sukari ne irina."

A ranar Rongfang ta janye manyan kwalaben, ta kai kanta gaban hukuma. Aka rufe masana'antar. Mahaifinta ya koma gida, amma idonsa na hagu bai sake gani ba.

Darasi: abin da ka rubuta a gaban kayanka alkawari ne, kuma akwai wanda ya jingina lafiyarsa a kansa. Idan aka nuna maka saɓani, gyara shi a ranar, domin ba ka san bakin da zai sha ba.