Taron Bayan An Tashi

Maman Biyu mace ce mai ƙwazo, amma zurfin ciki ya yi mata yawa. Ko dutse ka ɗora mata, sai ta yi murmushi ta ce, "Ba komai." A ɗakin gwajin jini na wani asibiti take aiki, kuma kowa ya san ita za a ba shugabancin ɗakin.

Ana nan sai aka kawo sabon manaja, ya mayar da taron ma'aikata bayan an tashi. Mazan ko a jikinsu, don abinci ne ke jiransu a gida. Ita kuwa 'yan biyunta ne ke jiranta a ƙofar makaranta, ga mahaifiyarta a kwance ɓarin jiki ya shanye, sai an juya ta, an ba ta magani.

"Akwai wanda lokacin bai yi wa ba?" in ji manaja.

Ta ji tsoron a ce aikin ya fi ƙarfin mace, ta ja bakinta ta yi shiru.

Mijinta, direban babbar mota, ya kira daga hanya. "Muryarki ba daidai take ba. In turo ƙanwata ta kama miki?"

"Haba Baban Biyu, ni da gidana? Bar ta ta yi karatunta."

Haka ta dinga fama. Kullum ta iske yaran a bencin maigadi sun yi barci da jaka a baya. Da malamarsu ta tambaye su sana'ar uwarsu, sai macen cikinsu ta ce, "Gudu."

Wata safiya, idonta na rufewa don gajiya, ta musanya sunayen kwalabe biyu. Allah ya sa likita ya lura kafin a ƙara wa majinyaci jinin da ba nasa ba. Ranar ce ta fara buɗe wa manaja cikinta, tana kuka.

"Baiwar Allah, me ya hana ki faɗa tun farko?" Ya girgiza kai. "Na tausaya miki, amma maganar ta wuce hannuna."

Aka ba wani shugabancin. Lokacin taro kuwa bai canza ba, wai kowa ya riga ya saba. Dole ta nemi aikin rabin yini, inda ba a ƙarin girma. Yanzu wanda ta koya wa riƙe sirinji shi ke ce mata, "Anti, a wanke kwalaben nan." Sai ta ɗauka ta nufi famfo.

Darasin shi ne, haƙuri daban, cutar da kai daban. Wanda kaya ya yi wa nauyi ya faɗa tun bai faɗi ba, ya kuma karɓi hannun da aka miƙo masa. Su kuma masu tsara lokacin aiki su sani, in ma'aikaciya ta tashi daga wurinsu, wani aikin take tafiya, kuma shirunta ba yarda ba ne.